Tankin Tacewa Na Ƙasa Don Babban Akwatin Kifi: Yadda Ake Zaɓa Da Haɗawa A Zariya

Akwatin kifi na gilashi in ya haura lita 300, ƙananan matatan da ake maƙalawa a ciki ko a rataya a baya ba sa iya masa, balle in kifin masu ci ne irin oska, koi ko tarwaɗa. Kwana kaɗan soso ya toshe, ruwa ya gurɓace, falo ya ɗauki ƙarni. Maganin da masu manyan tankuna suka tsaya a kai shi ne tanki na biyu a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashi, wanda 'yan harkar ke kira samf. Ruwa na malalowa daga sama da kansa, ya ratsa kayan tacewa, famfo ya mayar da shi. Yawan ruwa ya ƙaru, hita da wayoyi sun ɓuya, maiƙon da ke kwanciya a saman ruwa ya tafi, iska kuma na shiga ruwan a kowace gangara.

A garin nan, kafin a yi maganar ƙarfin tacewa, sai an amsa tambaya biyu. In aka ɗauke wuta ƙarfe biyun dare, ina ruwan sama zai sauka? In aka dawo da ita ba kowa a gida, tsarin zai tashi da kansa? Kusan duk ma'aunin da ke ƙasa daga nan ya fito.

Za a yi lissafin ne da tanki mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60. A ninka ukun a raba da 1,000, ya ba da lita 540. Tanki irin wannan gilashinsa milimita 12 ne, da maɗauri a sama. In aka haɗa ruwa, gilashi, yashi, duwatsu da tankin ƙasa, nauyin ya haura kilo 800, don haka a bene sai an shawarci injiniyan gini.

Teburi da girman tankin ƙasa

Mai walda ya yi teburin da ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 40 ko 50, a shafa fentin hana tsatsa hawa biyu, domin cikin kabad ɗin kullum a jiƙe yake da tururi. A ɗora filawud na milimita 18, sannan farin soso irin na cikin kwalin firji, kaurin santimita ɗaya zuwa biyu, kafin gilashi ya hau. Abin da aka fi mantawa shi ne ƙofar fitar da tankin ƙasa. Ka gaya wa mai waldar tun farko cewa ƙafar tsakiya ta gaba da noti za a ɗaure ta, ko kuma a bar gefe ɗaya a buɗe. In ba haka ba, ranar da tankin ƙasa ya tsage sai an kwashe na sama gaba ɗaya. A bar sararin santimita 20 zuwa 25 tsakanin bakin tankin ƙasa da rufin kabad, don hannu da soso su shiga su fita.

Girmansa kada ya gaza kashi ɗaya cikin huɗu na babban tanki, in wuri ya ba da dama a ƙara. Na misalinmu tsawon 100, faɗi 40, tsayi 40 ya yi, wato lita 160. Amma ba a cika shi. Zurfin ruwan aiki santimita 25 ne, lita 100 ke nan, sauran santimita 15 ɗin na ɗauke wuta ne.

Ga dalilin. A babban tanki kowane santimita ɗaya na zurfi lita 9 ne. Da famfo ya tsaya, ruwa zai ci gaba da sauka har sai ya kai ƙasan haƙoran akwatin malala (akwatin da ruwa ke malalowa ta cikinsa zuwa tankin ƙasa) ko bakin bututun mayarwa (wanda famfo ke turo ruwa sama ta cikinsa), duk wanda ya fi zurfi. A ce ya sauka santimita 3, lita 27 ke nan, a ƙara na cikin akwatin malala da bututu, ya kama kusan 35. A tankin ƙasa kowane santimita lita 4 ne, don haka ruwan zai hau kusan santimita 9, ya tsaya a 34, da sauran sarari. To amma a ce an nutsar da bakin bututun mayarwa santimita 10 don a rage ƙara. Da wuta ta tafi, bututun zai koma yana zuƙo ruwa baya kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo, ya janyo lita 90, alhali sararin da aka bari na lita 60 ne. Lita 30 na kan kafet.

Saboda haka bakin mayarwa ya tsaya santimita ɗaya zuwa biyu ƙarƙashin ruwa, ko a huda masa rami na milimita 4 dab da saman ruwa, don iska ta shiga ta katse zuƙon. Rami biyu ya fi ɗaya, tunda gansakuka ko ɗan dodon koɗi na iya toshe guda. Akwai bawul mai hana ruwa komawa baya, ana sayarwa, amma kada a jingina tsaron falo da shi. Yauƙi kaɗan a bakinsa ya isa ya hana shi rufewa, kuma ba a ganewa sai ranar da aka buƙace shi.

Hanyar saukar ruwa

Akwatin malala da ake ratayawa a bayan tanki ba tare da huda gilashi ba ya dogara ne da zuƙo a cikin lanƙwasasshen bututu. In iska ta taru a ciki lokacin da wuta ba ta nan, zuƙon ya karye, famfo ya tashi ya yi ta tura ruwa sama ba mai saukowa. A inda wuta ke zuwa tana tafiya sau da yawa a yini, wannan caca ce. A huda gilashi kawai.

Kafin huda, a tabbatar gilashin ba gasasshe ba ne, irin na tagar gefen mota. Shi ba ya huduwa, da baki ya taɓa shi sai ya wargaje ƙanana-ƙanana. In masu yankan gilashi na Sabon Gari ne za su haɗa tankin, ya fi sauƙi a huda fallen baya tun kafin a manne shi. A fara sayen mahaɗin tanki, wato mai zare da zoben roba irin wanda ake ɗaura wa tankin ruwa na roba, a auna jikinsa, sannan a nemi bakin huda mai ƙurar daimon daidai da shi. Mahaɗin inci ɗaya yawanci ramin milimita 45 yake so, na inci ɗaya da rabi kusan 60, amma kamfani ya bambanta da kamfani. Ramin ya yi nesa da gefen gilashi da aƙalla faɗin ramin kansa. Ana hudawa a hankali, ana zuba ruwa, ba a dannawa, kuma a kashe bugun guduma na injin. Zoben roba yana zama ne a ɓangaren kan mahaɗin mai faɗi, ba ɓangaren noti ba. A ɗaure da hannu, a ƙara kwata ɗin juyi. In aka matse da sifana har ƙarshe, ko zoben ya murɗe ko gilashin ya tsage, kuma ba a shafa masa silikon.

Akwatin malala gilashi ne da ake mannawa a ciki ya kewaye ramukan, faɗin santimita 30 zuwa 40, samansa da haƙora ko raga don kada kifi ya bi ruwa. Dole mannensa ya zama ba ya yoyo ko ɗigo, in ba haka ba a doguwar ɗaukewar wuta babban tanki zai yi ta tsiyaya ta nan har ya kai bakin bututu.

Tsarin haɗa bututu iri uku ne suka shahara. Durso bututu ɗaya ne da ke haɗa ruwa da iska, yana da sauƙi, sai dai yana gurnani in ruwa ya yi yawa, kuma in ya toshe ba mataimaki. BeanAnimal uku ne, ya fi kowanne tsaro, amma rami uku da kuɗin kaya uku. Na tsakiya, Herbie, shi ya fi dacewa da yawancin gidaje. Bututu biyu ne: babba mai bawul, bakinsa kusan santimita 15 ƙasa da na biyu, yana gudu cike da ruwa ba iska, shi ya sa ba ya ƙara. Na biyun na ko-ta-kwana ne, yana tsaye kusan a bushe. Babban ya zama inci ɗaya, na ko-ta-kwana inci ɗaya da rabi, domin shi kaɗai zai ɗauki ruwan duka ranar da ganye ko mataccen kifi ya toshe ɗan'uwansa. Na ko-ta-kwana ba a taɓa sa masa bawul.

A yi amfani da fayif na roba mai kauri, na ruwan famfo, ba siririn da ake zura wayar lantarki ba. Ƙarfe, tagulla da jan ƙarfe kada su taɓa ruwan kifi. A nan akwai 'yar matsala: bawul mai murɗawa a hankali, wanda ya fi daɗin saiti, a shagunan kayan famfo yawanci na tagulla ake samu. A haƙura da na roba mai hannu ɗaya, a ƙarasa saitin da saurin famfo. Babban bututu ya sauka a miƙe gwargwadon hali, in dole a lanƙwasa a sa elbo mai digiri 45 maimakon 90, bawul ɗin ya zama can ƙasa kusa da tankin ƙasa, ƙarshensa kuma ya nutse santimita 2 zuwa 4 kawai. In ya nutse da zurfi, iska ba ta fita da sauri, sai zuƙon ya ƙi kamawa bayan an dawo da wuta. A sa yuniyon a kowane layi don a iya kwancewa ba tare da yanka ba.

Ɗakunan ciki

Ana raba tankin ƙasa ɗaki-ɗaki da shingaye, gilashin milimita 6 ya ishe su. A yanka su milimita 3 zuwa 4 ƙasa da faɗin ciki, silikon ya cike ratar. In aka cusa shinge da ƙarfi yana tokare bango, wata rana bangon zai tsage. Silikon ya zama tsantsa, mai warin tsami, ba na banɗaki da kicin ba, domin wannan an haɗa shi da maganin fumfuna mai kashe kifi. Shinge ya sha kwana biyu kafin ruwa, sabon tanki mako guda, sannan a cika shi a tsakar gida ya kwana biyu a ga ko yana yoyo.

Ɗakin farko, santimita 20, na kama datti ne: audugar tacewa a sama, soso mai manyan ƙofofi, sai mai ƙanana. Shingensa a ɗaga shi santimita 4 daga ƙasa don ruwa ya bi ta ƙarƙashi, samansa kuma ya tsaya santimita 5 ko 6 ƙasa da bakin tanki. Ranar da auduga ta toshe, ruwan zai tsallaka ɗaki na biyu maimakon ya zubo waje.

Ɗaki na biyu, santimita 45, shi ne gidan bakteriya masu cinye gubar kashin kifi. A shimfiɗa ragar roba santimita 4 daga ƙasa, a zuba zoben tangaran na tacewa, dutsen aman wuta mai ƙofofi, ko soson wanke-wanke na roba sabo da ba a haɗa da sabulu ba. Lita 15 zuwa 20 sun wadatar, kuma mai arha na aiki in dai ruwa na ratsa shi ko'ina. A zuba su cikin jakunkunan raga don ɗagawa ta yi sauƙi. Akwai tsarin da ake barin kayan a sama ruwa na ɗiga a kansu. Yana aiki ƙwarai inda wuta ke tsayawa, amma a nan awanni kaɗan na iskar hunturu sun isa su busar da shi, bakteriya su mutu. Kayan su zauna a nutse. Gawayin girki ba shi ne gawayin tacewa ba, kuma ko na tacewar ba dole ba ne, sai in za a cire ragowar magani ko rinin itace.

Shingen da ke bayan wannan ɗaki, tsayin santimita 25, shi ke tsayar da zurfin ruwa. Santimita 3 bayansa a sa wani da aka ɗaga daga ƙasa, kumfa ya fashe kafin ya kai famfo. Hita a ɗaki na biyu ake kwantar da ita, inda ruwa ba ya raguwa.

Ɗakin famfo santimita 25. Duk ruwan da ya tafi a tururi a nan kaɗai ake ganin raguwarsa, kuma a wannan girman santimita ɗaya lita ɗaya ce. Kada a faɗaɗa shi fiye da kima: in bututun sauka duka suka toshe, famfo zai kwashe abin da ke ɗakin ya kai sama. Lita 25 ba ta kai santimita 3 a babban tanki ba, saboda haka in an bar santimita 4 tsakanin ruwa da bakin gilashi, ba abin da zai zube.

Famfo da wuta

Ana son ruwan tanki ya zagaya sau huɗu zuwa biyar a awa, wato lita 2,160 zuwa 2,700 a misalinmu. Lambar da ke jikin kwali ta famfon da ba ya hawa ko'ina ce. Daga saman ruwan ƙasa zuwa bakin mayarwa kusan mita 1.2 ne, da elbo-elbo a ƙaddara 1.5, a duba jadawalin bayan kwali a ga nawa yake bayarwa a wannan tsayi. Yawanci sai an sayi ajin lita 4,000 zuwa 5,000. Bayan an haɗa, a tara bokitin lita 10 a bakin bututun sauka: in ya cika a daƙiƙa 15, lita 2,400 ke nan a awa.

Famfon DC mai akwatin saiti, irin na kamfanin Jebao, ya fi dacewa. Yana cin wat 30 zuwa 40, ana rage masa gudu da maɓalli, yana tashi a hankali. Wat 35 na awa 10 wat-awa 350 ne, batirin bolt 12 mai amfiya-awa 100 kuwa, ko rabinsa kawai aka ci, yana ba da kusan 600, ka ga zai kwana a kan ƙaramar inbata. Hita dai kada ta hau inbata, ita kaɗai tana cin ɗaruruwan wat. Wutarmu bolt 230 ce, kayan da aka yi don kasuwar Amurka kuwa na 120 ne, a duba kafin a yi oda. In famfo ya yi ƙarfi, a bakin fita ake rage shi, ba a bakin shiga ba. Guntun tiyo mai laushi tsakaninsa da fayif, da ɗan soso a ƙarƙashinsa, suna kashe gunjin da ke bin ƙarfen teburi.

Soket a maƙala shi sama a bangon kabad, kowace waya ta ɗan sauko ƙasa da shi kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo waya ya faɗi ƙasa. Mai gyaran wuta ya sa makatsin yoyon lantarki na miliamfiya 30 a layin, da sitabilaiza saboda wuta mai rauni. A kashe komai kafin a tsoma hannu.

Saiti da gwaji

A cika babban tanki har ya fara malala, a ci gaba da zubawa har ruwan tankin ƙasa ya kai santimita 5 ƙasa da baki, famfo a kashe. Sai a kunna, bawul a buɗe gaba ɗaya. Za a ji kwararo da shaƙar iska. A riƙa rufe bawul kaɗan-kaɗan, ana jira minti biyu-uku bayan kowane taɓi, har ruwan cikin akwatin malala ya hau ya tsaya dab da bakin na ko-ta-kwana, ɗan siririn ruwa na gangarawa a ciki. A nan ƙarar ke ɗaukewa. Inda ruwan ɗakin famfo ya tsaya a lokacin, a ja layi da biron maka: iyakar ciko ke nan har abada. A ja na biyu santimita 5 sama da bakin famfo. Masu zuba ruwa a gida, yara ko mai aiki, a nuna musu layukan, kuma a gaya musu ana ƙara ruwa ne famfo na aiki.

Daga nan a kashe wuta daga makunni, a jira minti 15, a ga inda ruwa ya tsaya. A kunna, a bar shi ya daidaita kansa ba tare da an taɓa bawul ba. A maimaita sau da yawa. Sannan a rufe babban bawul ruf, a tabbatar na ko-ta-kwana ya ɗauke ruwan duka. Tsarin da ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan bai isa a sa masa kifi ba.

Raya bakteriya da ruwan da za a zuba

Sabon tanki ba ya tace guba. Kashin kifi na zama amoniya, wasu bakteriya su mayar da ita naitirayit, wasu su mayar da shi naitiret mai ƙarancin illa, kuma kafin su yawaita ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Ana ciyar da su da ɗan abincin kifi kullum ko amoniya tsantsa kimanin miligiram 2 a lita, ana gwaji da kayan gwaji masu ɗigo, waɗanda galibi sai an yi odarsu daga Kano, Legas ko ta intanet. In amoniya da naitirayit suka koma sifili cikin awa 24 bayan an zuba, tankin ya shirya. Soso ɗaya daga tsohon tanki mai lafiya na rage jiran sosai. Kifi a sa su kashi-kashi.

Ruwan famfo na gwamnati na ɗauke da kulorin, sai an sa maganin cire shi ko ya kwana biyu a buɗaɗɗen duro ana busa masa iska. Na burtsatse ba kulorin, amma yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma ya kwana. Rijiyoyi sun bambanta daga Samaru zuwa Tudun Wada zuwa cikin Birni, don haka a gwada pH (ma'aunin tsamin ruwa) da KH (ma'aunin ƙarfin ruwa na hana pH faɗuwa). In KH bai kai 4 ba, aikin bakteriya na iya jan pH ƙasa farat ɗaya. Jakar ɓawon kawa, wanda masu sayar da abincin kaji ke da shi, a wanke a ajiye a ɗaki na biyu, tana riƙe shi. Ruwan 'yan garuwa sai an san inda aka ɗebo shi da abin da jarkar ta taɓa ɗauka.

Tankin ƙasa ba ya cire naitiret. Canjin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari a mako yana nan daram, a riƙe naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita. Auduga a canza ta duk kwana uku zuwa bakwai, soso a matse shi cikin ruwan da aka cire daga tanki, kayan ɗaki na biyu kuwa a bar su sai sun cushe, a ɗauraye rabi a bar rabi. Farfelar famfo a ciro ta a goge duk wata biyu.

Hunturu, bazara da doguwar ɗaukewar wuta

Yawancin kifin ado na son digiri 24 zuwa 28. Daren Disamba da Janairu na sauka ƙasa da 15, don haka hita biyu masu wat 200 sun fi ɗaya babba, in guda ta maƙale a kunne ba za ta dafa kifi ba. A lokacin ne kuma busasshiyar iska ke shan ruwa, lita uku ko huɗu a rana ba abin mamaki ba ne, kuma ɗakin famfo na iya kaiwa layin ƙasa cikin 'yan kwanaki. Alamar ita ce ƙananan kumfa na fitowa daga bakin mayarwa. Murfi a sama da ƙasa na rage wannan, yana kuma tare ƙura. A Maris da Afrilu, da zafi ya haura 35, a cire murfin ƙasa a kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, tana sauke digiri biyu zuwa uku.

In wuta ta daɗe kuma ba inbata, famfon iska mai caji ko mai aiki da fawa bank shi ne abin nema, da dutsen iska ɗaya a wurin kifi, ɗaya ƙarƙashin kayan ɗaki na biyu. A dakatar da abinci. In tankin ƙasa ya yini ya kwana a tsaye ba iska, a zare filogin famfo tun kafin wuta ta dawo, a sansana ruwan. In yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a kwashe shi a zubar, a ɗauraye kayan da ruwan da ba kulorin, a zuba sabo, sannan a kunna. Mako guda bayan nan a riƙa gwada amoniya kullum, abinci rabin na da.